Tun da Surukina Ya Sa wa Tirelar Birki, Ƙofata Ta Mutu

Glenys, don girman Allah ki taimake ni kafin in ɗauki almakashin lambu in aikata abin da zai raba ni da 'yata. Na haura saba'in ban taɓa rubuto wa jarida ba, don a ganina aikin waɗanda ba su da aikin yi ne, kada ki ji haushi. To ga shi yau ni ma na shiga layi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki sa sunana.

Ni kaɗai nake zaune da karena a gidan da ke gindin gangaren coci, daf da kogi. Maigidana Athol, Allah ya ji ƙansa, bai bar mini wata dukiya ba. Rumfa ya bari cike da kwalaben kusoshi da ba wanda ya san ranar amfaninsu, sai 'yar tirela irin wadda ake ratayawa a bayan ƙaramar mota. Da hannunsa ya ƙera ta tun 'yarmu Narelle tana rarrafe. Akwatin ƙarfe ne a kan taya biyu, shi ke nan. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce koriya ce. Murfin bayanta kuwa da igiyar shanya ake ɗaure shi.

Kada ki raina ta. Babu gidan da tirelar nan ba ta shiga ba a garin nan. Ita ke kai shara juji, ita ke ɗauko itacen hunturu, ita ke kwasar kujerun coci. Ta ɗauki taki, ta ɗauki maraƙi, ta kai gadon sababbin aure, ta kuma dawo da gadon bayan auren ya watse. Tana nan bakin ƙofa ba kwaɗo ba makulli, mai so ya zo ya rataya ya yi gaba, ba tambaya ba godiya. Sharaɗin Athol kawai shi ne ba ta dawowa fayau, kuma wanda ya dawo da ita sai ya shigo ya sha shayi. Sai ki leƙa ki ga buhun dankali a ciki, ko kwandon tuffa, ko ƙwai, ko kifi a naɗe cikin jarida, jaridarku ma kuwa, ki ga tana da amfani. Wani marowaci ya taɓa dawo da ita da kabewa ɗaya da ta fara ruɓewa, har a wurin jana'izarsa sai da aka tuna masa.

Da Athol ya rasu na ɗauka shi ke nan, ƙafa za ta ɗauke. Kin dai san mazan garin nan. Gara a cire musu haƙori da a ce su je gidan mace don gaisuwa kawai. Babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofata ya ce ya kewa, ya haƙuri. Amma Asabar ba ta taɓa wucewa ban ji ƙarar sarƙa a bakin ƙofa ba, da yamma kuma ga mutum zaune a kicin ɗina ya cire hula yana ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Wanda ya fi kowa naci shi ne Lyall, abokin Athol tun na makaranta. Mutumin nan fa yana da a-kori-kura wadda bayanta ya ninka tirelar, amma don tsabar kada motarsa ta yi datti sai ya ari tawa ya ɗauko tukwanen fure biyu. Akwai ranar da na gan shi da idona ya ja ta ba komai a ciki, ya zaga bakin kogi ya dawo, wai wata ƙara yake saurare a taya. Ya zauna ya cinye mini rabin kek, yana cewa, "Tsohuwa, shayin nan naki har yau ruwan wanke kwano ne." Ni kuma in ce masa ƙofa a buɗe take, ba wanda ya ɗaure shi. Haka muke.

To ga ɗan abin da ya faru a hunturun bana, kuma ɗan abu ne, duk abin da za a gaya miki. Na je dajin ƙanin Lyall na ɗebo itace. An kwana biyu ana ruwa, itacen ya sha ya ƙoshi, masu saran kuma don ganin girmana suka yi ta loda mini har ya yi tozo. Na taho lafiya lau sai da na kai gangaren coci. Na taka birki, mota ta ce ta ji, tirela ta ce ba da ita ake ba. Ta dinga tura ni kamar mai tura baro, na tsallake mahaɗar nan da manyan motocin gungume ke bi, na je na huta a cikin shingen shuke-shuke na filin wasan tsofaffi. Wata motar gungume ta riga ta wuce, da ɗan tazara ma, direban ne dai mai son hayaniya, ya tsaya ya sauko yana ihu har da ɗora hannu a ka. Ko ƙwarzane ban yi ba. Karen ma bai yi ba. Shingen kuwa dama yana bukatar aski.

Kafin in gama kwashe itacen daga kan titi labari ya isa birnin Launceston inda Narelle ke aure. Ban san wace mai dogon baki ce ta kai ba, amma ina da wadda nake zargi. Narelle ta bugo tana kuka, Asabar na zagayowa sai ga ta da mijinta.

Surukina Tristan yaron kirki ne, wannan ba na musu. Bai taɓa ɗaga wa 'yata murya ba. Amma mutum ne da in ya sayi butar shayi sai ya karanta takardar bayaninta daga farko har ƙarshe kafin ya zuba mata ruwa. Aikin ofis yake yi, tafin hannunsa ya fi nawa laushi. Ya sauko da kwalaye, sanye da sabuwar rigar kanikawa ko karin ninkinta bai fita ba, ya ce, "Mama, birkin lantarki za mu sa mata." Na ce Athol ya ja ta shekara da shekaru ba birki. Narelle ta ce, "Ai Baba bai taɓa shiga shingen mutane ba." Kin ji 'yar da na haifa.

Ikon Allah, sai ga Tristan kwance a ƙasa, ya jingina wayarsa da taya yana kallon wani a bidiyo yana kwaikwayo. Ya kwance sandar ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin, ya ɗaura sabuwa mai birki a kowane gefe, ya ja wata shuɗiyar waya tun daga tayoyin har filogin da ke haɗa ta da mota. Sannan ya shige ƙarƙashin sitiyarin motata, ƙafafu a waje, ya dasa wani ɗan akwati mai maɓallin murɗawa. Wai in na taka birki akwatin ne zai tura wuta, maganaɗisun da ke cikin tayoyin ya kama. Ya yi mini bayani, ya sake, ya kuma zana mini, kamar ni na ce masa zan buɗe gareji.

Ranar gwaji ya murɗe maɓallin har ƙarshe, don a tunaninsa ƙarshen nan shi ne aminci, tirela kuwa ba komai a cikinta. Ina taɓa birki tayoyin suka ƙame, hayaƙi ya tashi, kare ya taso daga kujerar baya ya zo ya gaisa da gilashin gaba. Ki duba fa, Glenys. Ranar da na shiga shinge karen nan bai ji komai ba, sai ranar da aka kawo mana aminci ya yi ɗingishi. Daga baya dai ya saita abin, kuma tsakani da Allah yana kamawa. Na sauko gangaren da taki, ta tsaya cak inda na ce ta tsaya. Wannan ke na gaya wa, shi ba zai ji daga bakina ba.

Da a nan ya tsaya da ban rubuto miki ba. Ina! Sai ya hura wuta ya gasa nama, ya gayyato mazan layinmu, wai bikin buɗe tirela. Yana riƙe da abin juya nama ya yi musu lacca, mutanen da motocinsu ma suka girme shi. Ya ce duk motar da ba ta da irin akwatin nan, birkin a wurinta gawa ne, in kuma wani abu ya faru 'yan inshora za su zame, Mama ce za ta tsaya gaban alƙali. Ya manna wata jar takardar gargaɗi a gaban tirelar. Sannan ya ciro kwaɗo, Glenys, kwaɗo, ya datse bakin ratayar, ya miƙo mini makulli a gaban kowa yana murmushi kamar ya ba ni kyautar Kirsimeti. Lyall ya kalli kwaɗon, ya kalle ni, ya ajiye gwangwanin giyarsa da saura a ciki, ya ce, "To, madalla." In kin san Lyall kin san wannan ya fi zagi. Tun da nake ban taɓa ganin ya bar giya da saura ba.

Tun ranar ko kare ba ya tsayawa a ƙofata sai nawa. Suna wucewa a mota su ɗaga mini yatsa daga kan sitiyari, gaisuwar hanya irin wadda ake yi wa kowa. Makon jiya na hangi Lyall da shara a bayan a-kori-kurarsa, ashe dai motar tana iya ɗaukar datti ba ta mutu ba. Ni kuma har yanzu hannuna bai daina yin kek ranar Juma'a ba. Kajina ke cinyewa, sun yi ƙiba har ba sa son tafiya. Kewa nake yi, Glenys, kewa mai cin rai. Ko shekarar da Athol ya tafi gidan nan bai yi mini shiru haka ba. Ran Asabar sai in tsinci kaina tsaye a taga ina kallon tirela mai birki mai kyau wadda ba ta zuwa ko'ina.

Tsohuwar sandar tayoyin tana nan bayan rumfa, ban bari an zubar ba. Niyyata in datse shuɗiyar wayar nan, in jefa kwaɗon a kogi, in sa a mayar da tirelar yadda Athol ya bar ta. Na ɗan taɓa wa Narelle zancen a waya. Sai ta ce, "Mama, kika taɓa birkin nan, sai mu zauna mu yi maganar lasisinki da ɗakin da ke bayan gidanmu." Na san ɗakin. Tagarsa katangar maƙwabta take kallo.

To ki gaya mini. In datse in dawo da mutanena, ko in zauna lafiya ƙalau cikin aminci, ni da kaji?

Taki,
Mai Tirela a Gindin Tudu

'Yar'uwa Mai Tirela,

Na ɓoye sunanki kamar yadda kika roƙa. Yanzu sai mutanen gari su yi ta fasa kai suna tunanin wace ce matar marigayi Athol, uwar Narelle, mai zama a gindin gangaren coci. Allah ya ba su sa'a.

Ajiye almakashin nan, na furanni ne. Bari mu fara da ɗan abin da kika ce ya faru. Direban da kika kira mai son hayaniya, matarsa ce ke gyara mini gashi. Ranar bai iya cin abinci ba, kuma ɗan tazarar da kike faɗa, shi cewa ya yi ya ga kalar idon karenki. Kin rubuta mini shafi guda kan kabewa da kek, kin ba motar gungume layi biyu. Na lura, kuma Narelle ma ta lura. A ƙasar nan duk tirelar da nauyinta haɗe da kayanta ya wuce kilo ɗari bakwai da hamsin, doka ta ce sai da birki. Jiƙaƙƙen itace mai tozo ba ya bukatar sikeli kafin a san ya wuce. Athol ya sha da ƙyar shekara da shekaru, ke kin sha da ƙyar sau ɗaya, kuma ba na son in ga na biyun a shafin rasuwa. A kan birki Tristan ya yi daidai, ko da rigar tasa sabuwa ce. Yaron ya kwanta a ƙasa mai sanyi don kada matarsa ta rasa uwa. Ki gaya masa yana kamawa, bakinki ba zai karye ba.

Inda ya kwafsa shi ne bakinsa da kwaɗonsa. Shi a birni ya tashi, inda tirela kaya ce kamar injin yankan ciyawa, a kulle a ajiye. Bai san cewa a nan datse tirelar da kowa ke ara kamar rufe ƙofa ne a fuskar mutum ba. Ya tara dattawa ya ambaci alƙali, ke kuma kika karɓi makullin kika yi shiru. Ki tuna da wannan. A idonsu ke ma kin yarda. Ba birki ne ya kore su ba, kunya ce, sun ɗauka an gaji da su.

Maganin ɓangaren ƙarfe ba shi da wuya. Akwai irin akwatin nan da ake dasawa a jikin tirelar kanta maimakon cikin mota. Yana shan wuta ta filogin duk motar da ta ja ta, shi ke jin an taka birki ya kama tayoyin. Ki je wurin mai gyaran wutar mota, ya duba wanda zai dace da taki, ya kuma tabbatar miki ya cika ƙa'idar jiharmu. Da shi kowace tsohuwar mota a layinku za ta ja tirelar da birki mai rai. A nuna wa kowa yadda ake rage ƙarfinsa in ba kaya, a ƙara in an yi lodi, a kuma gwada a fili kafin a nufi gangara, don karenki ya gaji da gaisawa da gilashi. Sannan ki sani birki tsayawa yake sawa, ba ya ƙara wa tirela ƙarfin ɗauka. Akwatin da Athol ya ƙera yana nan yadda yake. In masu sara suka tashi ganin girmanki, ki ce su gan shi a sawu biyu.

Tristan ne zai dasa akwatin, kuma shi zai cire kwaɗon da hannunsa, da rana tsaka, a bakin titi. Ki sa ya nemi Lyall ya tsaya a kansa. Babu abin da zai faranta ran dattijon nan kamar ya wuni yana gaya wa ɗan birni cewa ba haka ake riƙe sifana ba. Narelle kuwa kada ki riƙe ta da zancen ɗakin baya. Tsoro ne ya yi magana, ta binne uba, an kuma bugo mata waya an ce uwarta na cikin shinge. Amma kin taɓa gaya mata abin da kika gaya mini? Ita a saninta rigimar taurin kai kike yi a kan waya shuɗiya. Ba ta san kajinki ke cin kek ba. Ki faɗa mata da bakinki, ba da baƙar magana ba in za ki iya, ko da na san zai yi miki wuya.

Saura Lyall. Haba, 'yar'uwa! Mace mai wayonki, wadda ta san wanda ya kawo ruɓaɓɓiyar kabewa shekaru aru-aru, a ce ba ta gane wannan ba? Mutum da motarsa mai faɗin baya ya zo aron tirela don tukwanen fure biyu. Ya ja ta fayau ya zaga kogi yana sauraren ƙara. Babu wata ƙara a tayar nan. Abokinsa ne ya mutu ya bar mata a gida ita kaɗai, shi kuma an halicce shi ba ya iya cewa ya kike, sai ya ce shayinki ba daɗi. Kwaɗon nan bai raba shi da tirela ba, ya raba shi da dalilin shigowa. Ina tabbatar miki Asabar ɗinsa ba ta fi taki daɗi ba.

Ni ma tirelar nan ce ta kwaso kayan mahaifiyata da muka rufe gidanta. Na mayar da ita da lemun tsami, na zauna a kicin ɗinki na yi kukan da ban yi a coci ba, kika yi kamar ba ki gani ba kika ƙara mini shayi. Shekara da shekaru mutane ke zuwa wurinki da bukata, ke ba ki taɓa zuwa wurin kowa da taki ba. To yau kin zo, kuma gari duka ya ji.

Tsohuwar sandar da ke bayan rumfa, juji za ta, don kada ta sake yi miki raɗa a kunne. Jaridar nan ran Alhamis take fita. Lyall yana cewa shi farashin shanu kawai yake dubawa, ƙarya yake yi, ya taɓa tare ni a gidan mai ya gyara mini shawara. Saboda haka ki yi kek ɗinki ran Juma'a, kaji kuma su yi haƙuri wannan makon.

Lyall, in ka gama karantawa, sandar nan ta fi ƙarfin mace ɗaya. Kada ka je hannu Rabbana.

Allah ya kiyaye gangara, ya raya ƙofar.

Glenys